Malam Mani da Baƙin Allon Rijiyar Yankara

Duk wanda ya taɓa zuwa Faskari neman a rubuta masa takardar ƙorafi ko ta shaidar sayen gona a shekarun baya, ya san Malam Mani mai tafireta. A ƙarƙashin wani itacen bedi yake zama, da ɗan teburinsa mai ƙafa ɗaya gajera wadda yake tokarewa da fasasshen bulo. Haifaffen Tafoki ne. Yana da shekara goma sha biyu garmar shanu ta tsage masa agarar ƙafar hagu, ya tashi da ɗingishi, noma ya gagare shi. Sai mahaifinsa ya kai shi Funtua wurin wani tsohon akawu, ya yi shekara uku yana koyon bugun tafireta har yatsunsa suka haddace wurin kowane harafi.

Abin da ya yi suna da shi shi ne ba ya kallon takarda in yana bugu. Fuskar mai magana yake kallo, yatsu na aiki, injin na ƙara kamar ana sussukar gero. Kuma ba ya ajiye abin gogewa, domin a cewarsa mai kuskure ne ke yawo da magogi. Halinsa kuwa ba mai daɗi ba ne. In mutum ya cika kewaye-kewaye sai ya ɗage hannuwa ya ce, "In tatsuniya ka zo yi, ka bari sai na tashi aiki."

Akwai takarda ɗaya da ta bi shi har tsufa. Wata shekara iska ta yaye rufin wata makarantar firamare, hedimastan ya sa aka kwashe kwanukan aka jibge a gidansa. Iyayen yara suka zo wurin Mani ya rubuta masu ƙorafi cewa an yi wata biyar ba a mayar da rufin ba. Iyakar abin da suka faɗa ke nan. Shi kuwa da zancen ya yi masa daɗi a yatsu, sai ya ƙara layi guda daga kansa, cewa an ga kwanon makaranta a kan ɗakin amaryar hedimasta. Ba wanda ya gani, ji ya yi ana raɗe-raɗi a bakin tasha. Aka sauke hedimastan, ya koma Yankara ya zauna, bai ƙara riƙe alli ba har ya rasu. Ya bar matarsa Hajiya Baraka da ɗansa Hadi, wanda a lokacin yake aji shida.

Da shagunan kwamfuta suka buɗe a Faskari, aikin Mani ya fara ja da baya. Aka ba shi shawara ya koya, ya ce shi ba zai zauna yana tura ɗan linzamin kwamfuta a kan tebur kamar mai wasa da kyanwa ba. Ya rufe tafiretarsa da tsohon zane. Da zaman Tafoki ya yi wuya saboda masu shigowa da bindiga, ya kwaso iyalinsa ya dawo Yankara, ya kama gida a Bakin Kasuwa.

A nan ne ƙungiyar ruwan gari ta ɗauke shi sakatare. Ƙungiyar tana da rijiyar burtsatse mai aiki da sola, da babban tanki, da bututu uku: na ɗaya zuwa Unguwar Malamai, na biyu Bakin Kasuwa, na uku Maƙera. Da can mutum ne ke buɗewa da rufewa, kuma kullum sai an yi faɗa, kowace unguwa na cewa an tauye ta. Sai aka kawo injiniya daga Katsina ya sa wani ɗan akwati mai girman sabulun wanki wanda ke buɗe kowane bututu a kan lokacinsa. Injiniyan nan Hadi ne, ɗan hedimasta, yanzu magidanci mai shekara talatin da bakwai. Daga Katsina yake gyara lokutan ta waya in an buƙata. Amma shugaban ƙungiya, Alhaji Uwais, ya dage sai an koya wa wani a gari, don kada wata rana a rasa shi. Kuma duk cikin ƙungiyar Mani ne kaɗai ya san bugu.

Da aka gaya wa Hadi wanda zai koya wa, ya juya wurin Alhaji Uwais. Ya ce, "Alhaji, a ba ni kowa ban da wannan."

Alhaji Uwais ya ce, "Gemu ba ya hana ilimi, Injiniya."

"Ba gemun nike ji ba. Hannun nike ji. Na san abin da yake iya ƙarawa."

Mani yana zaune a wurin, ya ji. Bai ɗago kai ba, ya ce, "Ni ma ban roƙa ba."

Duk da haka Alhaji ya sa rana. Aka ba su kwana uku.

Ɗakin injin ƙarami ne, a gindin tanki, da taga ɗaya da ƙamshin batir. Hadi ya jona wa akwatin wani tsohon allon kwamfuta da madannai. Allon ya kawo baƙi ƙirin, babu hoto, babu linzami, sai ɗan farin ɗigo yana ƙiftawa a ƙurya. Mani ya ji wani sanyi a ransa da ganin babu linzamin, amma bai nuna ba.

Hadi ya yi bayani a tsaye, da sauri, yana kallon taga. Ya ce lokutan ruwa suna cikin wani fayil, layi uku ne kawai: sunan unguwa, lambar bututu, lokacin buɗewa, lokacin rufewa. Abin da ake buɗe fayil ɗin da shi a gyara sunansa Vim. Mani ya maimaita, "Bim." Hadi bai gyara masa ba. Ya buɗe wani fayil na gwaji mai irin layukan, ya ja baya, ya ce, "Tau, ga shi. An ce kai ne sarkin bugu. Rubuta sunan wani gari mu gani."

Mani ya gyara zama, ya ɗora yatsu takwas a layin tsakiya kamar yadda ya saba, ya ɗaga kai ya kalli fuskar Hadi, ya buga Daudawa cikin ƙiftawar ido. Da ya mayar da ido ga allon sai ya ga layin farko ya ɓace ɗungurungum, ba abin da ya rage a wurin sai "udawa".

"Injin naka ya lalace," in ji Mani.

Hadi ya yi dariya ta hanci. "Lafiyarshi lau. Wannan ba tafireta ba ce da za ka faɗa mata da duka. Hali biyu gare shi. In ka buɗe shi, umarni yake jira, kowane harafi ka taɓa aiki ka sa shi. Babban D da ka buga, cewa ka yi ya share layin. Ya share. Ƙaramin a kuma ya buɗe maka ƙofar rubutu, shi ya sa sauran suka shiga. Abin da ka ce ya yi, shi ya yi. Ba ya ƙari."

Mani ya gane inda maganar ta dosa.

Haka suka yi wunin. In zai yi rubutu sai ya fara danna i. In ya gama sai ya danna maɓallin ƙuryar hagu ta sama, mai rubutun Esc, ya koma halin umarni. In ya yi ɓarna, u ce ke dawo da abin da ya ɓace. Mani ya fito da littafi zai rubuta, Hadi ya ce, "Au, ashe sarkin ma yana mantuwa?" Mani ya rubuta duk da haka, yana danna biro har takardar ta huje.

Da azahar Hadi ya tafi cin abinci gidan mahaifiyarsa, ya ce masa in ya gama ya fita daga fayil ɗin. Bai gaya masa yadda ake fita ba. Mani ya danna Esc, ba abin da ya faru. Ya rubuta "fita", ɗigon ya yi tsalle, allon ya yi wata 'yar ƙara. Ya gwada da Turanci, wasu haruffa suka ɓace, wasu suka shiga inda bai sa su ba. Ya danna duk maɓallan da ke jere a sama ɗaya bayan ɗaya. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Mutumin da ya yi shekara ashirin da wani abu alƙalai na yaba tsabtar takardarsa, ga shi ɗan ɗigo ya tsare shi a ɗaki kamar akuya a turke. Awa biyu yana nan. Ya yi tunanin zare wayar wutar, ya tuna an ce in akwatin ya mutu ruwan gari ya tsaya.

Hadi ya dawo yana sakace haƙori. Ya leƙa allon, ya ga tarkacen da ke ciki, ya miƙa hannu ta kan kafaɗar Mani ya danna Esc, ɗigo biyu, q, da alamar motsin rai. Fayil ya rufe.

"Wannan fita ce ba tare da an ajiye ɓarnar ba," in ji shi. "In kana son a ajiye, ɗigo biyu, w, q. Akwai ɓarnar da ake iya fita a bar ta, Malam. Akwai wadda an riga an kai ofis."

Mani ya miƙe da ƙyar, ya dafa tebur. "Yaro, in magana ce da kai, faɗe ta a fili."

"Ba ni da magana. Aiki aka sa ni."

Kwana na biyu da na uku ba su fi na farko daɗi ba. Sai dai Mani ya fara kama abin. Ya koyi tafiya da h, j, k, l ba tare da ya ɗage hannu ba, kuma wannan ya yi masa daidai ƙwarai, don yatsunsa ba su son barin mazauninsu. Ya koyi x mai cire harafi ɗaya, da o mai buɗe sabon layi a ƙasa. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne kallon allo, domin wuyansa ya saba ɗagawa. Rana ta ƙarshe Hadi ya sa shi ya rubuta lokuta iri-iri a fayil ɗin gwaji. Ya tsaya a bayansa yana kallo, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya fasa. Ya ce, "Ya isa." Ya ɗauki jakarsa ya tafi tasha ba sallama.

Wata huɗu Mani bai taɓa fayil na gaske ba. Amma kullum da hantsi yakan shiga ɗakin ya buɗe na gwaji, ya yi ta bugu shi kaɗai. Ba son abin yake yi ba. Dariyar hancin nan ce ba ta bar kunnensa ba.

A ƙarshen daminar 2021 aka yanke layukan waya a duk yankin. Ba kira, ba saƙo, kuma hannun Hadi ya daina isowa daga Katsina. A daidai lokacin mutanen ƙauyuka suka yi ta kwararowa Yankara, suka yi bukkoki a Bayan Makaranta. Matansu na zuwa famfon Unguwar Malamai da jarkoki, 'yan unguwa na korar su, har aka fasa wa wata mata mai suna Laraba baki da bokiti. Ƙungiya ta zauna ta yanke a ja masu bututu na huɗu. Tunda Unguwar Malamai ce ke da lokaci mafi tsawo, daga bakwai na safe zuwa sha biyu, sai aka ce a cire awa biyu na farko a ba baƙin. Masu aikin famfo suka gama nasu cikin kwana biyu, saura akwati.

Mani ya shiga ɗakin da safe, Alhaji Uwais na tsaye a ƙofa. Ya buɗe fayil na gaske, ya danna o, ya rubuta Bayan Makaranta, bututu na huɗu, bakwai zuwa tara. Sannan ya hau layin Unguwar Malamai. Shi bai yarda da faci a tsakiyar layi ba, tun zamanin tafireta in layi ya samu matsala sabo yake bugawa. Ya share shi, ya buga shi daga farko: bututu na ɗaya, tara zuwa sha biyu. Ya duba sau uku. Esc, ɗigo biyu, w, q. Ya ba akwatin umarnin sake karantawa kamar yadda ke cikin littafinsa.

Washegari da bakwai ruwa ya zubo a Bayan Makaranta, mata suka yi guɗa. Tara ta yi, famfon Unguwar Malamai ko ɗigo. Goma, sha ɗaya, shiru.

Kafin la'asar gari ya ɗauka. Kowa ya san tarihin takardar nan, kuma kowa ya san a Unguwar Malamai matar hedimasta take. Aka ce Mani ya gama da uban, ya dawo kan uwar. Wasu suka ce baƙin ne suka saye shi. Aka jefi ƙofar gidansa da dutse, matarsa Adama ta je kasuwa mai kayan miya ta ƙi sayar mata.

Ya koma ɗakin ya buɗe fayil. Komai daidai yake a idonsa. Ya share layin ya sake bugawa, ya sake bugawa. Rana ta biyu ma babu ruwa. Ya rubuta wa Hadi takarda da hannu ya ba wani direba, direban ya ce ko ya kai, amsa sai bayan kwana huɗu in hanya ta yi kyau.

Rana ta uku da hantsi Hajiya Baraka ta zo da kanta. Tsohuwa ce mai shekara saba'in, ta taho da jarka fanko a hannu, mata na biye da ita. Ta tsaya a ƙofar ɗakin injin, ta jefa jarkar a gabansa.

"Malam Mani, mi muka yi maka?"

Ya miƙe. "Hajiya, wallahi ba da gangan ba ne."

"Wancan ma ba da gangan ba ne? Shekara ashirin da biyar ban taɓa tsayawa gabanka ba. Maigidana ya mutu yana cewa a bar ka da Allah, na bar ka. Jiya da taimama na yi la'asar, a cikin gari, ga tanki cike saman kanka. In so kake mu tashi, ka faɗa."

Ta juya ta tafi, ta bar jarkar a nan.

Ya zauna ya sa tabarau, ya matso har hancinsa na kusan taɓa gilashin. Wannan karon bai karanta layin ba, harafi-harafi ya bi, yana gwada nasa da na Hadi. A layin Bakin Kasuwa akwai sha biyu da Hadi ya rubuta, a nasa ma akwai sha biyu. Ya ɗora farce a ƙarƙashin ɗayan, ya ɗora a ƙarƙashin ɗayan. Kan na Hadi ya ɗan karkata kamar bakin tsuntsu. Nasa a miƙe yake. Ya sunkuya ya dubi madannan, can sama a hagu, kusa da Esc, ya ga maɓallin lamba ɗaya, ƙura ta kwanta a kansa.

Tafiretarsa ba ta da lamba ɗaya. Irin tsofaffin nan ne da ake buga ƙaramin harafin l a madadinta, haka tsohon akawun Funtua ya koya masa, haka ya yi duk rayuwarsa, kuma a takarda ba mai bambancewa. Akwatin kuwa ya nemi bututu mai suna l bai samu ba, ya tsallake layin. Layin baƙin ya yi aiki ne don babu ɗaya a cikinsa.

Ya kai ɗigon kan harafin, ya danna x, ya danna i, ya miƙa ɗan yatsansa zuwa maɓallin da bai taɓa taɓawa ba. Ya gyara wuri biyu. Ya ajiye, ya ba da umarni. Ƙarfe goma da kwata ne, cikin lokacin unguwar, sai ya ji bututu na ɗaya ya yi gurnani a bayan bango. Ya ɗauki jarkar Hajiya, ya ɗingisa har famfon unguwarsu, ya bi layi ba wanda ya matsa ya ba shi wuri, ya cika, ya kai ƙofar gidanta ya ajiye. Ba a fito ba, shi ma bai yi sallama ba.

Sai da aka maido da waya, wajen wata uku, Hadi ya zo. Ya riga ya ji komai daga bakin mahaifiyarsa. Ya shiga ɗakin injin ya buɗe fayil, ya ga layi huɗu a jere, tsaf. Mani na zaune a kan benci.

"Ranar ƙarshe da ka tsaya bayana," in ji Mani, "ka ga ina buga l."

Hadi bai juyo ba. "Na gani."

"Ka yi shiru."

"Na ce bari sarkin da ba ya kuskure ya gano da kanshi."

"Tau, na gano. Uwarka ce ta yi taimama."

Hadi ya juyo a fusace, har kujera ta faɗi. Alhaji Uwais da ke waje ya shigo da sauri ya tsaya tsakaninsu. Hadi na huci ya ce, "Kai ne za ka kama sunan uwata? Kai da ka kashe mata miji da layi ɗaya?"

Mani ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Layin nan ni na ƙara shi. Ba wanda ya sa ni, kuma ban ga kwanon ba. Na faɗa gaban Alhaji."

Shi ne karo na farko da ya faɗi haka ga wani mahaluki. Hadi ya nufi ƙofa. Ya ce, "Ka je maƙabarta ka gaya mashi," ya fita.

A taron ƙungiya na watan, Hadi ya kawo shawarar a cire Mani a sa wani, ya ce akwai wani abin gyaran fayil mai sauƙi, Nano, wanda ke nuna umarninsa a ƙasan allo, ko wa aka koya wa zai iya cikin awa ɗaya. Alhaji Uwais ya tambaye shi dalilin da bai koya wa Mani wannan ba tun farko. Hadi ya ce ba a tambaye shi ba. Aka ɗaga hannu. Mutanen Unguwar Malamai duk suka bi Hadi, Maƙera suka rabu biyu. Laraba, wadda ta zo a madadin Bayan Makaranta da tabon bokiti a leɓe, ta ɗaga wa Mani, haka 'yan Bakin Kasuwa. Mani ya tsira da ratar hannu biyu.

Hadi ya ajiye aikin ƙungiyar bayan sallar layya, aka samo wani injiniya daga Funtua. Sabon ya nuna wa Mani mai sauƙin, Mani ya gwada rabin awa ya ce allon ya cika surutu, ya koma Bim ɗinsa. Yanzu bututu shida ne a fayil ɗin, kuma shi ke canja lokutan duk azumi da duk bazara. Idonsa na dama ya fara yin hazo, likita a Funtua ya ce sai an yi aiki bayan kaka. Har yau in ya ratsa Unguwar Malamai akwai gidajen da ba a amsa masa sallama, kuma in Hadi ya zo ganin mahaifiyarsa ranar kasuwa suka haɗu a hanya, kowa gefensa yake bi.